Wane suna za mu ba axolotl da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "kwaɗon geza"

Jama'a, ina neman ku taya ni warware wata magana da ta fi wata biyu tana yawo a gidanmu. 'Yata ce ta fara ganin wannan dabba a wasan kwamfuta na Minecraft, inda aka saka shi a 2021, ta dame ni sai na nemo mata hotonsa na gaske. Da muka gani, ni ma ya shiga raina, har na fara shirin kiwonsa. Ranar ta tambaye ni, "Abba, mene ne sunansa da Hausa?" Na rasa ta cewa.

Ga siffarsa ga wanda bai taɓa gani ba. Tsawonsa kamar taƙi ɗaya da ɗan ɗori, wajen santimita 23 zuwa 25. Kansa mai faɗi, ƙafafu huɗu 'yan sirara, doguwar wutsiya mai tudu kamar ta kifi. A bayan kansa akwai wasu rassa uku ta dama, uku ta hagu, masu gashi-gashi, da su yake shaƙar iska a cikin ruwa. Na daji baƙi-baƙi ne mai ɗige-ɗige, amma wanda aka fi kiwo fari ne mai ratsin ja, rassan nan jajaye. Asalinsa tafkunan kwarin birnin Meksiko ne. An tsotse tafkin Chalco tuntuni, saura magudanan Xochimilco, wanda ake furtawa Socimilko, kuma nan kaɗai ya rage a daji.

Na fara da asalin sunan. Daga harshen Nawatil na mutanen Aztek, tsoffin mazauna Meksiko, ya fito: "atl" ruwa ke nan, "Xolotl" kuma sunan wani abin bautarsu ne da suke zanawa da kan kare. Shi ya sa ake fassara sunan da karen ruwa ko dodon ruwa. Duka biyun ba su karɓe mu ba. Karen ruwa muna da shi tuni, dabba ce mai gashi mai kamun kifi a koguna. Dodon ruwa kuwa na tatsuniya ne, wanda ake tsorata yara da shi kada su je rafi. Ba zan sa wa abin da yarinya za ta riƙa ciyarwa kullum wannan suna ba.

Sai ari. A bakin masu shi, harafin x ɗin nan "sh" ne, don haka asholot ne kusan yadda suke faɗa. Bahaushe ba ya rufe kalma da "tl", zai ce asholoti, kuma ya zauna a baki lafiya. Ba yau muka fara karɓar kalmar Nawatil ba ma: tumatir ɗin miyarmu daga "tomatl" ya taso, ya biyo ta bakin Turawa ya iso Kano. Ina son asholoti, zan kuma ci gaba da rubuta shi. Matsalarsa ɗaya ce, ba ya gaya wa mai saurare komai. A wannan dabba kuwa, abin da sunan ya gaya maka shi ne zai raya ta ko ya kashe ta.

Ga abin da ya sa na ce haka. Na je Sabon Gari wajen mai yankan gilashi ya haɗa min akwatin ruwa. Na nuna masa hoton a waya, ya ƙura ido ya ce, "Alhaji, ai ƙadangaren ruwa ne." Nan take ya ci gaba da ba ni shawara da zuciya ɗaya: in ajiye akwatin bakin taga ya riƙa shan hantsi, in zuba tsakuwa a ƙasa, in sa dutse ya fito saman ruwa don ya hau ya sha iska. Duk abin da ya faɗa daidai ne ga ƙadangare. Ga wannan dabba kuwa, biyun farko ajali ne. Ba ta da fatar ido, haske mai ƙarfi yana takura mata. Zafin rana yana dafa ta. Abinci kuma zuƙo shi take yi da ruwa gaba ɗaya, don haka tana haɗiye tsakuwa ta toshe mata hanji; ko dai yashi mai laushi sosai, ko a bar ƙasan gilashin haka nan. Kuma ba ta fitowa tudu. Suna ɗaya ya jawo kurakurai uku kafin in bar shagon. Na soke ƙadangaren ruwa daga ranar.

Hajiyarmu ce ta zo da wanda ya fi ba ni wahalar ƙi. Ta riƙe wayar nesa da fuskarta ta ce, "Wannan ai gaiwa ce ta yi ƙafa." Wallahi idonta ya ga gaskiya, domin ɗan gaiwa ma yana fitowa da irin rassan nan a bayan kai. Na kwana biyu ina juya "gaiwar Meksiko" a raina. Amma me muka san gaiwa da shi? Juriya. Rafi ya ƙafe, ta shige laka ta naɗe, ta yi rani cur a ƙasa har ruwa ya dawo. Wanda ya ji an ce gaiwa zai ɗauka ko a bokiti aka jefa ta za ta rayu. Wannan kuwa ɗan lallaɓa ne. Sannan gaiwa kifi ce, shi kuma ba kifi ba ne.

Danginsa na kusa da muka sani su ne kwaɗi. Yana cikin reshen da Turawa ke kira salamanda, masu wutsiya, waɗanda babu su a Afirka kudu da Sahara, shi ya sa kakanninmu ba su bar mana sunansu ba. Ku tuna 'ya'yan kwaɗi da muke gani a kududdufi da damina, masu wutsiya, kafin su rikiɗa su fito tudu. Shi wannan ba ya rikiɗa. Yana balaga, ya hayayyafa, ya yi shekara 10 zuwa 15, duk da rigar yarinta a jikinsa. Rassan bayan kan nan kuwa, in ka ga suna kaɗawa a ruwa, geza ce sak. Daga nan na samo kwaɗon geza, jam'insa kwaɗin geza, a kan ƙirar raƙumin dawa da jakin dawa: ka ɗauki dabbar da aka sani, ka ƙara abin da ya bambanta ta.

Wani abokina malamin Hausa ya ja da ni, ya ce kwaɗo ba shi da wutsiya kuma yana tsalle a tudu, to ina ribar? Gaskiyarsa. Amma kowane Bahaushe ya san ruwan zafi ba wurin wasan kwaɗo ba ne, ya san fatar kwaɗo laushi gare ta, ba a murza ta. Waɗannan biyun su ne ginshiƙin kiwon. Kuskuren da sunan zai iya jawowa, wato a sa masa tudu, ba ya kisa.

Zancen zafin nan shi ne ya hana ni barci. Ruwan da yake so na digiri 16 zuwa 18 ne a ma'aunin Selshiyas. In ya haura 24 ya daɗe, sai ya daina cin abinci, farar cuta ta kama gezar. Mu kuwa a Kano watan Afrilu da Mayu zafi yana haura 40. Na cika akwatin, lita 110, na jefa ma'aunin zafi ba tare da dabba a ciki ba. Da la'asar ya nuna 31. Na kunna fanka a kan ruwan, ya sauko maki uku ya tsaya. Robar ƙanƙara tana saukar da shi, amma ya sake hawa da ta narke, kuma wannan hawa da saukar ma cuta ce. Babu makawa sai injin sanyaya ruwa, shi kuma sai wutar da ba ta yankewa, wato sola da batir da za su kai asuba. Wanda bai da halin wannan, don Allah ya haƙura da kallo a waya. Sanyin hunturu na wata biyu kada ya ruɗe shi.

Sauran shirin mai sauƙi ne sai dai yana son haƙuri. Ruwan famfo sai an kashe kulorin ɗinsa. Matatar ruwa za ta yi aiki mako huɗu zuwa takwas kafin a saka shi, har ƙwayoyin bakteriya masu cinye amoniyar kashinsa su zauna, kuma kada ta riƙa turo ruwa da ƙarfi. A sa masa ɗan tulu a kwance ya riƙa ɓuya. Abincinsa tana. Kada a haɗa shi da kifi, za su tsattsage gezar. A Socimilko ma karfasa da wani kifi da aka zuba a ruwan suna cikin abin da ya cinye ƙwai da 'ya'yansa, har ƙidayar masana ta faɗo daga kimanin 6,000 a kowace murabba'in kilomita a 1998 zuwa 36 a 2014. Na kiwo duk haifaffun gida ne, da yawansu jikokin waɗanda aka kai Faris a 1864, kuma masana suna ta nazarinsu saboda ƙafarsu in ta gutsure tana sake tsirowa.

In akwai mai sunan da ya fi nawa, musamman masuntanmu na Wudil da Bagwai da suka san halittun ruwa fiye da ni, ina saurare, sharaɗina kawai sunan ya nuna ruwan sanyi ko laushin jiki. Kafin nan 'yata ta riga ta rubuta "Kwaɗon Geza" a takarda ta manna a jikin gilashin. Akwatin babu kowa a ciki tukuna. Injin ya iso, kuma ba zan nemo dabbar ba sai na ga ma'aunin ya tsaya a 18 tun daga farkon Afrilu har ruwan farko ya sauka.