A yi wa Baba tiyata, ko mu jira sabon maganin melanoma?

Ɗiyar Manomi ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifinmu manomi ne a wani ƙauye kusa da Tibiri, shekarunsa sun haura sittin. Tun daminar bara wani baƙin tabo ya fito masa a diddigen dama, muka ɗauka ƙaya ce ta karye a ciki ko kuwa faso ne ya yi zurfi. Wanzami ya yi masa sakiya har sau biyu, wurin bai warke ba, sai ma faɗi da ya ƙara, ga jini yana tsattsafowa, duk sa'ad da ya dawo daga masallaci sai na wanke masa takalmi. Da muka kawo shi asibiti nan Maradi aka yanki ɗan nama aka aika gwaji, sakamako ya nuna melanoma ce, wato sankarar fata. Likita ya ce a yanke wurin da faɗi, a kuma duba kaluluwar da ta taso masa a matsematsi.

Yanzu kan gida ya rabu. Baffanninmu sun ce daji ba a taɓa shi da ƙarfe, yayana da ke Faransa kuma ya ce akwai sabon magani na ƙarin ruwa mai tayar da garkuwar jiki, mu dakata har ya haɗa kuɗi. Don Allah masana, wannan magani yana maye gurbin tiyata ne?

Ma'aikacin Jinya ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Amsata a taƙaice ita ce kada ku jira. Melanoma tana tasowa ne daga ƙwayoyin da ke ba fata launi, kuma a wurinmu baƙar fata ta fi fitowa a tafin ƙafa, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce, shi ya sa ake yawan ɗaukarta ƙaya ko gyambo har lokaci ya ƙure. Muddin ba ta watsu cikin jiki ba, wuƙar likita ce babban maganinta.

Ki koma kan takardar gwajin, ki nemi a nuna miki kaurin ƙarin, wanda ake rubutawa da milimita kusa da sunan Breslow. A kan wannan adadi likita yake yanke shawara: idan kaurin bai wuce milimita 1 ba, ana cire santimita 1 na lafiyayyar fata kewaye da tabon, idan kuwa ya haura milimita 2, ana cire santimita 2. A diddige fata ba ta jawuwa, saboda haka sau da yawa sai an ɗebo fata daga cinya an dasa a wurin. Kaluluwar kuma tana iya zama ta ruɓewar miki kawai, tana iya zama alamar cewa ciwon ya hau sama, ba a rarrabewa sai an yi hoto an kuma gwada abin da ke cikinta.

Maganar ƙarfe na san inda ta samo asali, kuma ba na ganin laifin dattawa. Sun ga mutanen da aka kai asibiti bayan ciwo ya riga ya cinye su, aka yi aiki suka rasu, sai aka ɗora wa wuƙa. Abin da ke da haɗari shi ne tsaga tsakiyar ƙari a bar saura, kamar yadda sakiya take yi. Likita kuwa daga waje yake zagayowa ya ɗauke shi gaba ɗaya.

Mai Farmasi ya amsa:

Yayanki gaskiya ya faɗa, malama, maganin yana nan, kuma ya canza labarin wannan ciwo. Sojojin garkuwar jiki suna da wani linzami da ke hana su afka wa jikin mai su, sankara kuma takan riƙe wannan linzami don ta tsira. Waɗannan magunguna sakin linzamin suke yi. An amince da ipilimumab a Amurka a 2011, sai pembrolizumab da nivolumab a 2014, kuma masanan da suka gano hanyar, James Allison da Tasuku Honjo, sun sami kyautar Nobel a 2018. A da, wanda melanoma ta watsu a jikinsa ba kasafai yake cika shekara ba, amma a wani babban gwaji da aka haɗa magunguna biyu, kusan rabin majinyatan suna raye bayan shekara 5. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda muka sani da yaƙi da kurkunu, a 2015 ciwon ya kai masa hanta da ƙwaƙwalwa, aka yi masa tiyata, aka gasa ƙarin da hasken na'ura, aka kuma ba shi pembrolizumab, ya rayu har ƙarshen 2024 yana da shekara 100.

Sai dai ki lura, shi kansa sai da aka yi masa tiyata. Idan ƙari yana ciruwa, maganin taimaka wa aiki yake yi: ana ba da shi bayan tiyata har tsawon shekara guda, ko a fara da shi kafin aiki idan an tabbatar ciwon ya kama kaluluwa. Kuma irin ta tafin ƙafa ba ta jin wannan magani kamar irin wadda rana ke jawo wa Turawa. Ana saka pembrolizumab ta jijiya duk bayan mako 3, tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin gidajenmu, kuma garkuwar da aka saki tana iya juyowa kan hanji, ko huhu, ko hanta, ko maƙoƙo, don haka ana buƙatar gwajin jini a kai a kai da likitan da zai gane cewa zawon da ya kama majinyaci ba na abinci ba ne. Ina roƙonku kada ku sayi kwalba daga hannun ɗan kasuwa ku kai wa wani ya ɗaura masa a gida.

Uwar Biyu ta amsa:

'Yar'uwa, mahaifiyata ta yi irin wannan a ƙarƙashin farcen babban yatsa, aka cire yatsan. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne hana ta taka ƙafar kafin ɗinki ya kama, da kumburin ƙafa bayan an cire kaluluwa, kullum sai mun ɗora mata ƙafar bisa matashi. Ku tanadi sanda da takalmi mai taushi. Shawarata ita ce ki tafi da babban baffanku wurin likita ya ji da kunnensa, domin mu ma sai da kawunmu ya ga hoton da idonsa sannan ya amince.

Ɗiyar Manomi ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba takardar, an rubuta milimita 4. Baffa ya yarda zai raka mu ranar Litinin, zan kuma roƙi likita ya rubuta mana takardar zuwa cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa da ke Yamai, domin su duba batun kaluluwar su faɗa mana ko maganin zai zo kafin aiki ko bayansa. Na kira yayana na ce ya turo abin da ya samu yanzu, mu fara da kuɗin hoto da na tiyata.