Linux ko GNU/Linux: wanne kuke faɗa wa mutane?

Mai gyaran kwamfuta, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara shida ke nan ina saka wa mutane Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux mai tafiyar da kwamfuta, a tsofaffin kwamfutocin da Windows ta yi wa nauyi. Jiya wani ɗalibi ya gyara mini baki a gaban mai kaya, wai GNU/Linux ake cewa, ba Linux kawai ba. Raina ya sosu, amma maganar ta ƙi barina. Ku yaya kuke yi a wurarenku?

Malamin makaranta, Marwa:
Wa'alaikumus salam. Yaron yana da hujja, Malam. Tun 1983 Richard Stallman ya shelanta aikin GNU na gina tsarin kwamfuta mai 'yanci, kuma daga can bash, mai karɓar umarni, da GCC, mai juya rubutun shiri ya zama manhaja, suka fito, har da ƙananan umarnin da muke bugawa kullum irin su ls da cp. Abin da ya rage musu shi ne kanel, wato zuciyar da ke magana da ƙarfen na'ura. Tasu, Hurd, ba ta nuna ba. Sai ga Linus Torvalds, yana ɗalibi a Helsinki, ya fito da tasa a 1991. Shekarar da na fara koyarwa Linux kawai nake cewa, ranar jarrabawa kusan duk ajin suka rubuta mini cewa mutum ɗaya ya gina komai. Abin ya dame ni ƙwarai. Tun daga nan cikakken sunan nake rubutawa a allo, kamar yadda masu Debian, wani nau'in Linux, ke yi.

Ɗaliba, Ngaundere:
Malam, na gwada faɗin cikakken sunan a gida, Baba ya tambaye ni ko abu biyu na saka masa. Kuma in adalci ake nema, ina sunan masu KDE, waɗanda ke gina fuskar da ake gani a allon kwamfuta, da sauransu? Ni Linux nake cewa, wanda ya tambaya in ba shi tarihi.

Malamin makaranta, Marwa:
'Yata, dubi wayarki. Android ma kanel ɗin Linux ke cikinta, amma ba a kan kayan GNU aka gina ta ba. Da wane suna za ki bambanta su?

Mai shagon intanet, Njamena:
Ni tawa damuwar daban ce. Da Faransanci muna cewa logiciel libre, kowa ya san libre, wato mai 'yanci, ba gratuit, wato kyauta, ba ne. Da Hausa kuwa na ce wa wani ɗan kasuwa "manhajar kyauta", na yini ina saka masa a kwamfuta uku, da yamma ya ce ai da bakina na ce kyauta ce. Yanzu "manhaja mai 'yanci" nake cewa, in bayyana masa yana da ikon amfani da ita, ya duba cikinta, ya gyara, ya ba wani. Kuɗin aikina kuma mu yi ciniki tun kafin in taɓa na'urar.