"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi": wai ta hau kan mai raba aiki?

Ɗan Tela: Salam jama'a. Jiya rigima ta kaure a shagonmu, maigidana ya samo ɗinkin yunifom na wata makaranta sai ya raba wa ƙananan teloli a kan rabin kuɗin, ɗayansu da ya gano ya ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Maigida ya ce wannan outsourcing ne, wato ba wasu na waje aikinka su yi maka, duk duniya haka ake yi. To ta hau nan kuwa?

Abu Hanif: Ba ta hau ba. Kura da takunkumi ake yawo da ita, ba wanda ya yi ciniki da ita. Tela kuwa an faɗa masa farashi ya ce ya yarda.

Maman Biyu: Haba Malam, wanda bai bar na cefane a gida ba wane ciniki zai yi?

Ticha: Kalmar maigidan naka ma ba ta tsufa ba, wajen 1980 ta fara yawo a bakin masu masana'antu, musamman kamfanonin mota na Amurka da suka koma sayo sassan mota daga waje maimakon su ƙera da kansu, a 1989 kuma kamfanin kayan hoto na Kodak ya miƙa wa kamfanin kwamfuta na IBM cibiyar kwamfutocinsa ya riƙa kula masa da ita, daga nan kowa ya ɗauka. Tsohuwar kalmar ita ce farm out, kuma ko da yake farm gona ce a Turanci, asalinta ba gona ba ce, farm ɗin can kuɗi ne tsayayye da mutum zai biya sarki a bar masa karɓar harajin wani yanki, abin da ya tatsa a sama nasa ne. A Faransa irin waɗannan masu sayen haraji an sare kawunansu a 1794, har da Lavoisier masanin kimiyya.

Na Bakin Tasha: Kai Ticha ka yi a hankali, akwai masu sayar da kwangilar rijiyar burtsatse tana bin hannu huɗu kafin a kafa allo a tafi, kar su ji ka 😂

Maman Biyu: Ni kakata Allah ya jiƙanta kaɗi take yi, tana cikin kulle ba ta taɓa ganin masaƙin da ke sayen zarenta ba, wata dillaliya ce ke kawo auduga ta karɓi zare ta kawo kuɗi. Wata rana ƙanin kakanmu ya ji farashin zare a kasuwa ya dawo yana ta faɗa wai ana cutar ta, ya ce daga yau shi zai riƙa kaiwa. Ya kai, masaƙa suka yi ta juya zaren suna kushewa, wai ya yi kauri, wai bai murɗu ba, ƙarshe bashi suka karɓa kuma har ya rasu bai gama karɓo kuɗin ba. Kaka ta aika a ba dillaliya haƙuri har da ƙwaryar fura. Matar ta dawo, amma ta ƙara ladanta.

Abu Hanif: Allah ya jiƙan Kaka. Kin ga ke nan gardi ma yana aiki, shi ya shiga rami ya kamo kurar.

Ɗan Tela: To Hajiya ke yanzu wane ɓangare kike? Ɗazu kina bayan kura.

Maman Biyu: Ina nan dai. Ai ta ƙara ladan na ce.

Bagobiri: Mu dai a wajenmu "gardi da kwashe kuɗi" muke cewa, karɓa ai ta yi ladabi da yawa.

Ticha: Abin dubawa wa ke ɗaukar asara in aiki ya ɓaci. Ginin Rana Plaza da ya rufta a Bangladesh a 2013 ya kashe mutum sama da 1,100, akasari masu ɗinka wa manyan shagunan Turai kaya ne, wasu kamfanonin suka ce ba su ma san a can ake ɗinka kayansu ba.

Na Bakin Tasha: Inna lillahi. Irin amsar honarabul ɗinmu ke nan da aka tambaye shi kwalbatin da ruwa ya tafi da ita.

Abu Hanif: Wai har yanzu ana wasan kura kuwa? Na kwana biyu ban ga gardawa ba.

Bagobiri: Suna nan Malam, sun koma TikTok.