Wace kalma za mu ba "indulgence" a Hausa?

Jama'a, musamman masu fassara da malaman harshe, ga kalmar Turanci da nake so mu tsayar da magana a kanta: indulgence. Wasu na fassara ta da "gafara", wasu da "jin daɗi", kowa ya kama gefe guda ya bar saura. A ganina kada mu tilasta mata kalma ɗaya. Asalinta daga Latin ne, indulgentia, wato sassauci. A zamanin Rumawa har yafe haraji ko hukunci da sarki kan yi haka ake kiransa.

Yawancin ma'anoninta Hausa ta riga ta tanadar musu suna. Uwar da ba ta iya hana ɗanta komai, shagwaɓa shi take yi, in abin ya wuce gona da iri a ce ta sangarta shi. Wanda ya saki jiki da ci da sha, biye wa son zuciya ya yi. In kuwa abu ne da mutum kan yi wa kansa jefi-jefi, babu zargi a ciki, "abin marmari" ya wadatar. Lauyan da ya roƙi indulgence a gaban alƙali, alfarma yake nema. Mai bin bashin da ya ƙara wa mutum lokaci, ɗaga masa ƙafa ya yi.

Inda aiki yake shi ne ma'anar Cocin Katolika. A koyarwarsu zunubi yana barin abu biyu: laifin kansa, wanda ake gafartawa ta hanyar tuba da furta shi a gaban limamin coci, sai kuma horon da ke saura a kan mutum, wanda zai sha a duniya ko a wurin tsarkakewa bayan mutuwa. Na biyun kaɗai indulgence ta shafa. An riga an gafarta zunubin, sauran horon ne ake ɗagewa. Duk wanda ya rubuta "gafara" a nan ya jingina wa mutane abin da ba su faɗa ba, kuma wannan ba ƙaramin zalunci ba ne a fassara.

Irin wannan ruɗani ne ma ya tada ƙura a 1517. Wani malamin Katolika, Johann Tetzel, na yawo a Jamus yana wa'azi, mutane na ba da kuɗi suna karɓar takardun indulgence, kuɗin kuma wani kaso na tafiya ginin cocin Waliyyi Bitrus a Roma zamanin Fafaroma Leo na Goma, wani kaso na biyan bashin Albrecht, babban bishop na Mainz. Talakawa da yawa sun ɗauka ceto suka saya. A watan Oktoban shekarar Martin Luther, wani malamin coci, ya fito da batutuwansa 95 na sukar wannan ciniki a Wittenberg. Babban taron shugabannin Cocin Katolika na Trent a 1563 ya bar koyarwar yadda take amma ya haramta cin riba da ita, a 1567 kuma Fafaroma Pius na Biyar ya soke duk wadda aka haɗa da kuɗi. A 1967 Fafaroma Paul na Shida ya daina ƙirga ta da kwanaki da shekaru, ta koma iri biyu: cikakkiya da ta wani sashe.

Wani zai ce "rangwame". Ban yarda ba, domin kalmar ciniki ce, sai ta mayar da mu ga abin da aka soke tun 1567. "Kaffara" kuma tana da tsayayyar ma'ana a fiƙihu, ga shi kaffara mai laifi ne ke yin ta, wannan kuwa ɗage masa ake yi.

Abin da na tsaya a kai shi ne "afuwar horo". Mun saba jin an yi wa fursuna afuwa: an yafe masa sauran wa'adinsa, ba a ce bai yi laifin ba. Mai ɗauke horon duka, "cikakkiyar afuwar horo". Mai rage shi, "afuwar sashen horo". Takardun da su Tetzel suka raba, waɗanda Gutenberg, jagoran ɗab'in littattafai a Turai, ma ya buga irinsu a Mainz tun 1454, "takardun afuwa".

A kula da wuri ɗaya: shelar da Sarki Charles na Biyu ya yi a Ingila a 1672, wadda ta dakatar da dokokin hukunta waɗanda ba sa bin Cocin Ingila, "Shelar Sassauci" ce, afuwa ba ta dace da ita ba.

'Yan uwa Katolika masu koyar da addini da Hausa, don Allah ku gwada "afuwar horo" a aji, ku gaya mana ko ta zauna a baki.