Warin baki da amai: daga ciki ne ko daga makogwaro?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mutum yana goge baki safe da yamma, amma warin bai tafi ba, ga gyatsa mai tsami, wani lokaci har da amai bayan cin abinci. Me ke jawo haka?

Amsa ta 1: Wa alaikumussalam. Malam, gyatsa mai tsami da ƙwannafi na nuna bakin tumbi ba ya rufuwa sosai, ruwan tsami yana hawowa makogwaro. A bar awa 3 tsakanin abincin dare da kwanciya, a ɗaga kan gado kamar santimita 15, a rage yaji da maiƙo. Bayan amai kada a goge haƙora nan take, tsamin ya tausasa su. A kurkure, a jira minti 30.

Amsa ta 2: A yi gwajin ƙwayar cutar H. pylori mai kawo gyambon ciki, ta hanyar bayan gida. Amma in ana shan omeprazole, maganin rage tsamin ciki, a dakatar da shi mako 2 kafin gwajin, in ba haka ba sakamakon zai iya cewa babu alhali akwai. A kuma haska makogwaro, fararen ƙulalai a 'yar wuya suna wari ƙwarai.

Amsa ta 3: In aman ya zo da jini, ko kashi ya yi baƙi, ko ciki ya kumbura bayan gida ya tsaya, asibiti za a nufa a ranar.