Neman shawara: wanda ya kawo min labari ya hana ni ganin masu ƙorafin

Assalamu alaikum. Shekarata biyu ina aiki da wata jaridar intanet a nan Katsina. Jiya wani mutum ya kira ni, muka haɗu a wajen Ƙofar Ƙaura. Ya ce shi wakilin wasu matasa ne da suka ba wani babba a wata ma'aikata kuɗi don a ɗauke su aiki, aka sallame su da takardun bogi, kuma sun shigar da ƙara. Ya turo min hoton shafin farko ta WhatsApp, amma an shafe sunayensu da lambar shari'ar. Na ce ya haɗa ni da ko mutum ɗaya, ya ce tsoro suke ji, in ba shi tambayoyina ya kai musu. Yana so labarin ya fita kafin Juma'a. Da za mu rabu ya miƙo min ambulan wai kuɗin mai, ban karɓa ba.

Na kasa barci. In gaskiya ne an cuci 'ya'yan talakawa, shiruna ya zama taimakon azzalumi. In ƙarya ce na zubar da mutuncin mai iyali. Ta ina zan gane ko mutumin nan abin yarda ne?

Tsohon edita: 'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika ƙi ambulan ɗin. Ki riƙe wannan: ɓoye sunan mai ƙorafi daga masu karatu haƙƙinsa ne, yana cikin ƙa'idojin aikinmu da aka amince da su a Ilorin a 1998. Amma ɓoye shi daga ke mai rubutawa, wannan ba kariya ba ce. Dole ke da editanki ku san shi, ku ji daga bakinsa.

Kafin ki binciki babban da ake zargi, fara da wanda ya kawo maganar. Mene ne cikakken sunansa da sana'arsa? Yaushe ya san yaran, wa ya wakilta shi? Me ke tsakaninsa da wanda ake zargin? Sannan Juma'ar nan ita ta fi tsaya min a rai. Me zai faru ranar? Sau da yawa in kika bi irin wannan gaggawar za ki tarar ana shirin naɗi ko ƙarin girma, wani na son a ɓata wani kafin a sa hannu. Ki tambayi abokan aiki a ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa (NUJ) ko ya zaga wajensu da takardar, da abin da ya gaya wa kowa. In labarin yana canzawa daga mutum zuwa mutum, kin sami amsa.

A 2017 wata mata ta je wa jaridar Washington Post da zargin ƙarya a kan Roy Moore, ɗan takarar sanata a Amurka. Da suka bi tarihinta sai suka ga maganganunta ba sa haɗuwa, daga baya suka gan ta tana shiga ofishin Project Veritas, ƙungiyar da ta yi suna wajen ɗana wa kafafen yaɗa labarai tarko tana naɗarsu a ɓoye. Tarko aka ɗana musu, binciken mai kawo labarin ne ya fitar da su.

Lauya a Katsina: Ƙanwata, lambar shari'a ba sirri ba ce, babu dalilin shafe ta. Ki ce ya ba ki ita da sunan kotun, ki je rajistara da ƙafarki ki nemi kwafin da kotu ta tabbatar. Ki duba sunan lauyan da ya sa hannu da hatiminsa na ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa (NBA), ki kira shi kai tsaye. In mutumin ya ce da sunan wata ƙungiya yake magana, a shafin hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi (CAC) za ki ga ko tana da rajista. Ko da an shigar da ƙarar, wannan bai nuna an yi laifin ba, kowa na iya shigarwa. Kuma kalmar "ana zargin" ba za ta cece ki ba. Sashe na 391 da 392 na Penal Code, dokar laifuka ta Arewa, sun yi magana kan ɓata suna, an kuma sha kama 'yan jarida da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015. Ranar da za a kira ki, shi wakilin ba za a ga ƙeyarsa ba.

Malami daga Daura: Malamanmu na hadisi sun daɗe da gama wannan aikin. Ba sa karɓar ruwaya sai sun san kowane mutum a cikin isnadi, wato jerin masu ruwaya, wanda ba a san halinsa ba su kira shi majhuli su dakatar da maganarsa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ma umarni ta yi da a tantance labari kada a cutar da mutane cikin rashin sani. A naki isnadin, 'yata, wakilin da yaran duka ba ki san su ba.

Wakiliyar wani gidan rediyo: Baba edita, a gafarce ni, akwai gefen da nake tsoron a manta. Mutanenmu ba sa zuwa wajen ɗan jarida da kansu. Yaron da mahaifinsa ya sayar da gona ya biya kuɗin aiki, kunya da tsoro ba za su bar shi ya buɗe baki ba, sai ya tura kawu ko ɗan unguwa. Ɗan aiken na iya zama maƙiyin babban, yana da tasa manufar, amma maganar ta zama gaskiya. Kada ki jefar da labarin don mutumin bai yi miki ba. Ki ajiye shi gefe ki nemi yaran ta wata hanya. Ki ce ki na son ganin takardar ɗaukar aikin ɗaya da shaidar tura kuɗi ta banki, ki ga asusun wa suka shiga. Ki yi tayin haɗuwa a inda suka zaɓa, babu kyamara, babu naɗar murya. Gani ya kori ji.

Tsohon edita: Gaskiyarki, ban ce a jefar ba. In ta samu yaran, sai ta je wa babban da tambayoyi a rubuce, ta ba shi lokacin amsawa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Na kira shi na nemi lambar shari'ar, ya ce sai ya tambayi lauyansu, sunan lauyan ma bai faɗa ba. Amma cikin magana ya ambaci unguwar da biyu daga cikin yaran suke, kuma ina da ƙawa da ke aure a can. Na gaya wa editana ba za mu fitar ranar Juma'a ba, ya yarda. Gobe da safe zan fara da rajistarar kotu, da la'asar in shiga unguwar.