Taƙaitawa: Manhajojin ofis na kyauta da matsalar fayil

An yi doguwar muhawara kan wace manhajar ofis ta kyauta ta fi dacewa, da yadda kowace ke yi da fayilolin Microsoft Word. Ga abin da na tsinta daga muhawarar:

1. Kusan kowa ya yarda LibreOffice ta fi cika, kuma ba ta buƙatar intanet. Sai dai asalin tsarin fayil ɗinta odt ne, don haka docx (tsarin fayil na Word) mai tebur da yawa yakan karkace.

2. Waɗanda ke musayar fayil da masu amfani da Word sun fi son OnlyOffice, domin a kan docx da xlsx (tsarin fayil na Excel) aka gina ta.

3. A kan WPS aka rabu: wasu na yaba ta a waya, wasu tallace-tallacenta sun ishe su.

4. OpenOffice tana buɗe docx amma ba ta adanawa da shi. Ni dai na haƙura da ita.

5. In bugawa kawai za a yi, a mayar da takardar PDF, kada ƙ da ɗ su rikice.